Kumfar Da Ba Ta Sabulu Ba

Ni na fara ganin gawarwakin, don ni ce mai girki, kuma ni ke buɗe gidan abincin kowace safiya. Ina kunna fitila na ga tankin kifin da ke tsakiyar zauren ya yi fari fat kamar an tuttula masa madara. Da na matsa kusa na ga kumfa ce ƙanana-ƙanana ta cika ruwan tun daga ƙasa har sama. Kifayen kuwa ga su nan ciki sama, idanu a firfice. Na yi salati, jakata ta faɗi ƙasa.

Tankin nan ba abin ado ba ne kawai. Marigayi mai gidan ne ya haɗa shi da hannunsa, ya cika shi da ruwan gishiri irin na teku, don kifayen ba sa rayuwa a ruwan famfo. Da ya rasu, matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta ce a taɓa komai a gidan nan ban da tankin. Kullum da hantsi takan ja kujera ta zauna tana hira da wani tsohon kifi mai zane-zane da muke kira Dattijo, wanda shi ne kifin farko da mijinta ya saka. Ranar nan shi da 'yan tsiraru ne suka rage da rai, suna haki a saman ruwa.

Kafin ka ce kwabo 'ya'yan Mama uku sun iso. Auta, wadda ta gaji kula da tankin daga babanta, ta shigo da gudu ta kwashe masu sauran numfashi ta zuba a baho. Na tsakiyan, wanda muke kira Mai Kiɗa saboda hayar kayan sauti yake bayarwa, ko tankin bai tsaya kallo ba, ya wuce kai tsaye ɗakin baya inda injin ruwan yake, ya fito yana sosa ƙeya. Na ce a raina, yaron kirki, inji ya je dubawa. Sai babbansu, Yaya, wanda ke tafiyar da gidan, mutumin da bakinsa ke rigan tunaninsa isa ko'ina.

Ya dubi ruwan sau ɗaya ya ce, "Kumfa! Wa ke yawo da sabulu a zauren nan?"

Duk muka san wa yake nufi. Gwaggo mai goge-goge tana tsaye da bokitinta, ko mayafi ba ta cire ba. Jiya-jiyan nan Yaya ya yi mata faɗa a kan ta bar ƙasa a jiƙe, ita kuma da za ta wuce ta ce, "Duniya ce, za ka gani."

"To, na gani!" in ji Yaya. Ya fisge bokitin, ya tasa ta gaba har bakin ƙofa. Nan a kan titi, gaban mai facin taya da mai wankin mota da masu jiran motar haya, ya ce mata mai zuba guba. Ya ce in ba ta amsa laifinta ba kafin a tashi aiki, 'yan sanda za su amsar da ita.

Mai Kiɗa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Yaya, a yi mata afuwa. Kuskure ne, tsufa ne."

Gwaggo ta juya musu baya. Ta tsallaka titi ta zauna a bencin mai facin taya, ta haɗa hannu a cinya.

Raina ya ɓaci matuƙa. Da sandar goge-gogen nan Gwaggo ke ciyar da jikokinta marayu. Kuma macen da aka ce ta zuba guba a gidan abinci, ko wanke-wanke babu mai sake ba ta a unguwar. Na cire rigar girki na ce yau ko tukunya ɗaya ba za ta hau wuta ba sai an gano gaskiya.

*

Kawuna tsohon mai gadin daji ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun masu satar farauta, da ya yi ritaya kuma mutane suka mayar da shi mai nemo tumakin sata da baburan da suka yi ƙafa. Na same shi yana ɗaure ƙafar kujera da waya.

Ya saurare ni tsaf, ya ce, "'Yar nan, ni a ƙasa nake bin sawu. Kifi ba ya barin sawu."

Na ce, "Wanda ya kashe shi ai ba iyo ya yi ya zo ba, Kawu."

Ya yi dariya, ya jawo takalmansa.

*

Da muka isa, Kawu ya gaishe da Mama, ya yi mata jaje kamar mutum ne ya rasu, ita ma haka ta amsa. Daga nan ya ce in kawo masa kwalabe biyu. Ya ɗebi ruwan tanki a ɗaya, ruwan bokitin Gwaggo a ɗaya, ya jijjiga su ya ajiye a kan tebur. Kumfar bokiti ta taru a sama ta yi zamanta. Ta tanki kuwa nan take ta farfashe, ruwan ya koma garau.

Ya ce, "Sunansu ɗaya, amma ba uwarsu ɗaya ba. Auta, me kika gani?"

Auta ta share ido ta ɗauko mataccen kifi, ta buɗe fiffikensa a gaban fitila. A cikin fatar akwai 'yan ƙurajen iska jere kamar duwatsun wuya.

Ta ce, "Tun ɗazu nake faɗa ba a ji na. Iska ce, Kawu. In inji ya zuƙi iska ya matse ta cikin ruwa, takan shiga jinin kifi ta kumbura shi. Abin da ban sani ba shi ne ta ina take shiga."

Na juya na kalli Yaya ina jiran ya ji kunya. Ina! Sai ya ce, "To, injin ta taɓa ke nan. Wa ke shiga kowane lungu da sanda in ba ita ba?"

Da zan sami muciya a kusa, da an yi abin kunya a gidan.

*

Kawu ya tsallaka titi ya zauna gefen Gwaggo, ni ina tsaye.

Ya ce, "Baiwar Allah, me kika ce zai gani?"

Ta ce, "Tsufa. Shi ma wata rana ƙafarsa za ta yi nauyi."

"Kina share ɗakin baya?"

"A'a. Auta ta hana, ta ce ko ƙamshin sabulu kada ya shiga. Ƙura ta yi gida a can, ni kuwa abin na damuna." Ta ƙara da cewa, "Amma kwanan baya na ji Yaya a ciki da mai gyaran wuta, yana cewa injin nan ya ishe shi."

Na ce, "Shi ke nan! Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi ya sa ya fi kowa ihu."

Kawu ya ce, "Ke dai ki riƙe harshenki. Sawu ɗaya ba ya zama hanya."

Muka sami Yaya a ofishinsa. Bai yi musu ba.

"Na tsani tankin nan," in ji shi. "Wuta yake sha kamar rami. Amma ban tsani uwata ba. Mai gyaran wuta batir ya zo sa wa injin, don ko an ɗauke wuta kada ya tsaya. Ku je ku gani."

Kawu ya ce, "Wato tun da aka sa batirin injin bai taɓa tsayawa ba?"

"Ko na ƙiftawar ido."

A hanyarmu ta fita Mai Kiɗa ya tare mu da lemo mai sanyi. Ya ce wa Kawu sannu da ƙoƙari, ya ce shi dai shawararsa a bar kaza cikin gashinta, a sallami tsohuwa cikin mutunci, shi zai lallashi Yaya ya bar maganar 'yan sanda. Kawu ya karɓi lemon ya yi godiya, amma na lura bai buɗe ba.

*

Ɗakin baya ƙarami ne. Akwai wani tanki a ƙasa inda ruwan babban tanki ke gangarowa a tace shi, sai inji ya zuƙe shi ta bututu ya mayar zaure. Sauran filin kuma kowa ya mayar da shi ma'ajiya.

Auta ta lissafa abin da ta riga ta duba. Ruwan ƙaramin tankin bai yi ƙasa ba balle inji ya sha iska ta sama. Ta kashe na'urar tace datti, wadda ita ma kumfa take yi, amma ba abin da ya canza. Ta shafa kowace mahaɗar bututu da hannu ko za ta ji danshi.

Ta ce, "Ko ɗigo babu. In da akwai ɓula ai da ruwa ya zuba."

Kawu bai shiga ba tukuna. Ya ce mu kashe fitila, ya karɓi wayata ya kunna tocila, ya kwantar da ita a ƙasa daga bakin ƙofa. Ya ce haka suke yi a daji, rana tana tsaka ba ka ganin sawu, sai ta karkata. Hasken ya kwanta a kan siminti, sai ga ƙurar da Gwaggo ke kuka da ita ta fara magana. Sawun Auta ya yi hanya daga ƙofa zuwa inji. A kusurwar da ƙasa ta ɗan gangara akwai wasu manyan murabba'ai masu tsabta, babu ƙura a kansu. A ƙarƙashin wata mahaɗa kuma, dab da bakin inji, ga ɓarɓashin wani abu fari.

Ya dangwala ya lasa. "Gishiri."

Auta ta ce, "Tsohon gishiri ne da ya bushe a kan murfin mahaɗar tun zamanin Baba. Ban taɓa kankare shi ba."

"To, wani ya murɗa murfin, gishirin ya farfashe. Faɗa mini, don ni ban san inji ba. Wane gefe ne yake ja, wane gefe yake turawa?"

Auta ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta dafe kai.

"Wayyo ni! Nan gefen ja ne. In aka sassauta shi inji na aiki, ruwa ba ya fita, iska ce ke shiga. Ni kuwa ina ta neman danshi!"

Ta ce in koma zaure in zuba wa tanki ido. Ta ɗebi ruwa a kofi tana kwarara shi a kan mahaɗar don ya toshe wa iska hanya. Ina kallo, farin da ke fitowa daga bakin bututu ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Da ta daina kwararawa ya dawo. Na yi guɗa ban sani ba.

Auta ta kai hannu za ta ɗaure murfin, Kawu ya riƙe ta.

Ya ce, "Masu rai suna baho, ko? To, bar shi yadda mai shi ya bar shi. Ki kira kowa."

*

Da la'asar muka cika bakin ɗakin baya. Aka kawo wa Mama kujera. Yaya na duba agogo, Mai Kiɗa ya jingina da bango, mai gyaran wuta ma an kira shi ya zo yana raba ido. Gwaggo ta ƙi shigowa, ta ce daga ƙofa aka kore ta, ba za ta tsallake ƙofar da sunan mai guba ba.

Kawu ya nuna musu murfin da ɓarɓashin gishirin. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Wani ya sassauta wannan. Na daɗe ina tambayar kaina, wa ya san cewa iska na kashe kifi? Auta kaɗai, ita kuwa da ta so kashe su da ba ta kwashe su a baho ba. Sai na gane wanda ya yi aikin ba kifi ya zo kashewa ba. Bai ma san iska za ta shiga ba. Abin da kowa ya sani shi ya sani, in ka kwance bututu ruwa zai zuba. Auta, kashe injin."

Ta danna. Gurnanin da muka saba ji ya ɗauke. Sai ɗis, ɗis, daga mahaɗar, kafin mu ankara ya zama tsiyaya. Ruwan ya bi gangaren siminti yana tafiya, ya jiƙa kwalayen takardun goge hannu na Yaya, ya shiga ƙarƙashin buhun gishirin Auta, ya taɓa tsohon akwatin kayan aikin marigayi. Daga nan ya je ya kwanta a kusurwa, daidai kan murabba'an nan masu tsabta.

Yaya ya yi tsalle yana janye kwalayensa. "Kayana!"

Kawu ya ce, "Yawwa. Kayanka na ƙasa. Na Auta na ƙasa. Na marigayi na ƙasa. Me ke zaune a wannan kusurwar da?"

Duk muka ɗaga kai. A can kan wata kantar ajiye kaya, dab da rufi, ga manyan lasifikokin Mai Kiɗa a jere, kowacce sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga ta. An ma lulluɓe su da leda.

"Wurin da suka tashi ko ƙura ba ta sauka ba tukuna," in ji Kawu. "A daji, in ka ga tururuwa na kwashe ƙwanta zuwa tudu, ta san ruwa na tafe. Ɗana, wa ya gaya maka ruwa na tafe a ɗakin da bai taɓa jiƙewa ba?"

Mai Kiɗa ya yi wata dariya marar gishiri. "Gyaran wuri kawai na yi, Kawu."

Nan abin safe ya faɗo mini. Na ce, "Gyaran wuri? Da safe kifin babanka na mutuwa ko kallonsu ba ka yi ba, nan ɗakin ka rugo. Ƙasa ka zo dubawa ko ta jiƙe! Kifi na ganinka, mai jar koma."

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Dube ni."

Bai iya ba. Ya zame jikin bango ya tsuguna. Ya ce wurin tankin yake so ya kafa dandalin mawaƙa, ya san kuma Mama ba za ta yarda ba sai in ta ga tankin na neman rusa gida. Ya sassauta murfin kaɗan, ya dawo ya ga ƙasa a bushe, ya ƙara. Ya sake dawowa, a bushe, ya ƙara murɗawa.

"Wallahi Mama ban san za su mutu ba. Ruwa kawai na so ya zuba."

Mama ta ce, "Na yarda ba ka san kifi zai mutu ba. Amma da safe, da yayanka ke jan tsohuwar nan zuwa titi, ka san ba ita ba ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, ka ce a yi mata afuwa." Muryarta ta karye. "Kifi zan iya sayowa. Mutuncin tsohuwar nan fa, a ina zan sayo?"

Ni kaina da nake ta tafasa tun safe sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

*

Auta ta ɗaure murfin da hannu, ta kunna inji. A hankali farin ya fara washewa, duwatsun tankin suka fito fili. Ta ce Dattijo zai kwana a baho tukuna, amma ya fara motsa jela.

Mama ta miƙe ta tasa 'ya'yanta maza biyu gaba har bakin titi. Ta sa aka kira mai facin taya da mai wankin mota, da duk wanda ya ji na safe. A nan inda aka ɓata sunan, nan ta sa aka wanke shi. Yaya ya yi magana da ƙarfi kamar yadda ya saba, amma yau bakinsa da tunaninsa tare suka iso. Ya ce shi ya yi ƙarya, ya roƙi gafara, ya miƙa mata bokitinta da hannu biyu. Mai Kiɗa ya faɗi abin da ya yi, kansa a ƙasa. Mama ta ce kafin gobe ya kwashe lasifikokinsa daga gidan.

Gwaggo ta tashi daga benci, ta gyara mayafi, ta tsallako titi ba gaggawa. Ta wuce su ta shiga zaure, muka bi ta a baya. Ta tsaya bakin ɗakin baya tana kallon ruwan da ya kwanta a ƙasa. Na zaci za ta naɗe hannun riga, don Gwaggo ba ta iya ganin jiƙaƙƙen wuri ta wuce. Kawu ya buɗe lemonsa a ƙarshe ya kurɓa, ya ce mini a hankali, "Tsuntsun da ya ja ruwa."

Gwaggo ta ɗauko sandar goge-goge ta juya ta miƙa wa Mai Kiɗa.

Ta ce, "Ungo, ɗana. Ga ruwan da kake ta nema ya zo. Ka fara daga kusurwa, kuma ban da sabulu."